Tarihin Kayan Koyarwa a Ƙasar Kurfai, Daga Allon Itace Zuwa Wayar Salula

Ƙasar Kurfai tana arewa maso gabas da Yamai, a cikin kwarin Dallol Boso, wato tsohon kogin nan da ya ƙafe tun zamani mai nisa amma ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin rairayinsa, kuma babban garinta, Filinge, yana da tazarar kilomita kusan 180 daga babban birnin Nijar. Kurfayawa Hausa suke yi, suna noman gero da wake, suna kiwon shanun Azawak waɗanda tashar kiwo ta Tukunus ta yi suna a kansu, suna kuma maƙwabtaka da Zabarmawan Tondikandiya da Buzayen Imanan da Fulani makiyaya, abin da ya sa kasuwar Lahadi ta Filinge ta zama mahaɗar harsuna huɗu, alhali harshe na biyar, wato Faransanci, shi ne ya daɗe yana mulkin ɗakin karatu. A 'yan shekarun nan maganar da ta cika bakin masu tsara ilimi ita ce ta kayan koyarwa na intanet masu mayar da amsa, waɗanda ake nufi da su duk wata manhaja, wato shirin da ke aiki a cikin kwamfuta ko wayar salula, mai yi wa ɗalibi tambaya, ta karɓi amsarsa, ta nuna masa inda ya kuskure nan take, sannan ta sanar da malaminsa. Ana yawan gabatar da waɗannan kaya tamkar baƙon da ba shi da dangi a gari, sai dai tarihin karatu a wannan yanki ya nuna cewa abin da suke alkawari, wato amsar yaro ta koma wurin wanda zai iya gyara ta, shi ne ma'aunin da ya raba kayan koyarwar da suka zauna da waɗanda suka wuce cikin shekaru fiye da ɗari.

Mafi tsufa a cikin kayan shi ne allon itace na makarantar Alƙur'ani. Musulunci ya daɗe yana ratsa ƙasar Kurfai ta hanyar fatake da malamai matafiya, ko da yake a ƙarni na 20 ne ya game ƙauyuka har makarantun allo suka yawaita, kuma tsarin da aka bi shi ne wanda aka sani a sauran ƙasar Hausa. Yaro yana farawa da babbaƙu, wato haruffa ba tare da wasula ba, waɗanda aka laƙaba wa sunaye na Hausa irin su ba guje da mim jaye da ha kuri domin su zauna a ƙwaƙwalwarsa, sannan ya shiga farfaru, inda ake ɗora wa haruffan wasula, kafin ya kai ga karanta aya a jere. Ana rubutu da alƙalamin kara da tawadar da ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, kuma abin da ke kan allon ba ya wuce gwargwadon abin da mai shi zai iya riƙewa. Malam yakan biya masa karatun, ya koma cikin 'yan'uwansa ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, idan ya ji ya iya sai ya dawo ya durƙusa ya kawo shi a gaban malam ko wani gardi, kuma ba a ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari sai an tabbatar da cewa na jiya ya zauna.

Wannan tsari ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya ƙunshi abubuwan da masu ƙera manhajar koyarwa ke tallatawa a yau a matsayin sabon ilimi. Kowane yaro yana tafiya ne daidai da ƙarfinsa, ta yadda za a iske yara talatin a inuwa ɗaya ko a bakin wutar kara da dare, kowa da wurin da yake, mai kaifin kai ba ya jiran mai nawa, shi kuma mai nawa ba a janye shi zuwa abin da bai iya ba. Gyara yana zuwa a lokacin da aka yi kuskure, daga bakin wanda ya san yaron ya kuma san iyayensa. Allon kansa na gida ne, masassaƙi ke fafe shi, kasuwa ke sayar da shi, idan ya tsage a sake wani, ba ya neman wani abu daga bakin teku. Raunin tsarin ma a bayyane yake, domin ya fi ba hadda ƙarfi a kan fahimtar ma'ana a shekarun farko, kuma bulala ta daɗe tana cikin kayan aikinsa, amma ta fuskar mayar da amsa babu wani kayan da ya zo bayansa da ya fi shi kusanta malami da ɗalibi.

Makarantar boko, wadda mutanen Nijar suka fi sani da lakwal, ta biyo sawun sojan Faransa ne. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa bariki a Filinge, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya a kan sarautar kanto, wato yankin da suka yanka suka damƙa wa sarki guda, ga jama'ar da a da dattawan zuriya da masu ƙasa ke tafiyar da al'amuranta. A watan Afrilu na 1916 rundunar Firhun, shugaban Buzayen Iwillimmeden, ta kawo wa Filinge hari ba ta ci garin ba, a 1925 kuma a garin Shikal aka fara ganin wasu sababbin iskoki a fagen bori, waɗanda Kurfayawa suka kira Babule, aka kuma san su a wasu wurare da sunan Hauka, a ƙarƙashin jagorancin wata mata mai suna Shibo. Iskokin suna zuwa ne a siffar kumandan da kaftin da sojan gadi, suna fareti suna furta kalmomi masu kama da Faransanci, kuma hukuma ta ɗauki abin a matsayin tawaye ga sarki da ita kanta, ta kama mabiyan ta tsare su a Yamai. Abin lura a nan shi ne talakawan Kurfai sun zuba wa Bature ido sun haddace tafiyarsa da muryarsa tun kafin 'ya'yansu su cika azuzuwansa, domin a wancan zamani ɗaukar yara lakwal umarni ne da ake ba sarakuna, iyaye da yawa kuma ɓoye 'ya'yansu suke yi. Duk da haka makarantar Filinge ta yaye mutanen da suka taka rawa a tarihin ƙasa, a cikinsu har da Seyni Kountché, wanda aka haifa a Fandu a 1931, ya yi karatun firamare a Filinge kafin a tura shi makarantar 'ya'yan soja ta Kati a ƙasar Mali ta yanzu.

Lakwal ta zo da nata allon, ƙarami baƙi da ake rubutu a kansa da alli, wanda yara ke kira ardwaz, kuma tare da shi ta zo da wata dabara da har yau ake koya wa malamai a makarantun horon malamai, wato dabarar La Martinière, wadda ta samo sunanta daga wata makaranta ta birnin Liyon a Faransa inda aka ƙirƙiro ta a ƙarni na 19. Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, yakan faɗi tambaya, misali bakwai sau takwas, ya dakata kaɗan domin a yi tunani, ya buga sanda a tebur kowa ya rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga ardwaz sama da kansa, sai ya ga amsar yara sittin ko saba'in da kallo ɗaya, ya san ko darasin ya shiga ko sai an koma baya. Yaron da ya kuskure yakan goge da tsumma ko da gefen riga ya rubuta daidai ya sake ɗagawa. Manhajoji irin su Kahoot, waɗanda ake amfani da su a makarantun Turai da Amurka domin ɗalibai su danna amsa a waya malami ya ga sakamako a bango, wannan aikin suke yi ba wani ba, sai dai sun ƙara da adana sakamakon. Matsalar lakwal ba ta rashin dabara ba ce, ta harshe ce, domin yaron da ya tashi da Hausa ana yi masa tambaya ne da harshen da bai taɓa ji a gida ba, kuma an daɗe ana rataya wa wanda aka kama yana magana da harshen uwarsa wata alama ta kunyatarwa da ake kira sambol, wadda ke yawo daga wuya zuwa wuya har a tashi.

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a duniya, kuma jagororin ƙasar na farko, Diori Hamani da Boubou Hama, dukansu tsofaffin malaman makaranta ne da suka san cewa horar da isassun malamai ta hanyar da aka saba zai ɗauki shekaru masu yawa. Wannan ne ya sa suka karkata ga na'ura. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda ake ba wani mai jagoranci a gari, sau da yawa malamin makaranta, akwatin rediyo da na'urar ɗaukar murya, jama'a su taru su saurari shiri a kan lafiya ko noma ko haraji cikin Hausa ko Zabarmanci, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a faifai a aika Yamai, a gina shiri na gaba da abin da suka faɗa. Amsar takan yi makonni a hanya, amma tana isa, kuma manomi yana jin muryar ɗan'uwansa manomi a rediyon gwamnati. Idan ana neman kakan kayan koyarwa masu mayar da amsa daga nesa a ƙasar Nijar, to a nan ya kamata a neme shi.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na talabijin na makaranta, wanda aka sani da Télé-Niger, da aka fara a Yamai a 1964 da kuɗi da ma'aikatan Faransa a ƙarƙashin jagorancin Max Egly, shekaru goma sha biyar kafin ƙasar ta mallaki talabijin na jama'a. An soma da azuzuwa biyu, sannan a 1966 aka faɗaɗa zuwa azuzuwa 22 masu yara kimanin 800 a Yamai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, iyakar inda eriya ke kaiwa. Kowace rana ana watsa gajerun darussa huɗu na kimanin minti 14 kowanne, da zane-zane da wasan kwaikwayo da abubuwan da yaron karkara ya sani, kuma a cikin ajin ba a sa cikakken malami ba, an sa mataimaki ne da ake kira monita, saurayi mai takardar gama firamare wanda aka ba horon 'yan watanni, aikinsa shi ne ya shirya yara kafin darasi, ya kunna akwati, sannan ya bi da su ta atisaye bayan an kashe. Malamin da ke cikin akwatin yakan yi tambaya ya yi shiru, yara su amsa masa baki ɗaya kamar yana jin su. Saboda ƙauyukan ba su da wutar lantarki, da batir aka fara, daga ƙarshen shekarun 1960 kuma aka shiga gwada faifan da ke mayar da hasken rana lantarki, abin da ya sa Nijar ta shiga sahun farko na ƙasashen duniya da suka kunna talabijin da rana a makarantun karkara.

Sakamakon shekarun farko ya ja hankalin masana daga ƙasashe da dama, domin yaran sun iya magana da Faransanci cikin sakin jiki, ba a maimaita aji, waɗanda suka bar karatu kuma kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da sauran makarantu, har ƙasar Kodebuwa ta ɗauki darasi daga nan ta buɗe nata babban shirin a Buwake a 1971. Sai dai akwai wani abu da ya riƙe wannan nasara wanda ba a cika ambatonsa ba, wato kasancewar azuzuwan kaɗan ne kuma kusa da ɗakin shirya darussa, ta yadda masu shiryawa ke zuwa su zauna su ga inda yara suka gane da inda suka ɓace, su gyara darasin gaba. Akwatin ba ya ji, mutane ne ke ji a madadinsa. Da aka miƙa shirin ga hannun 'yan ƙasa a farkon shekarun 1970 aka kuma ƙara azuzuwan suka haura ɗari, sai nauyin kuɗi da gyaran na'urori ya ƙaru, malaman da suka bi ta makarantar horo ba su saki jiki da tsarin da ya ɗora monita a gurbinsu ba, yaran talabijin kuma suka riƙa cin karo da jarrabawar shiga sakandare da aka gina a kan tsohon tsari mai fifita rubutu da nahawu. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ta mayar da gine-gine da na'urorin shirin tushen talabijin na ƙasa, Télé Sahel, a 1979, da haka makarantar talabijin ta zo ƙarshe. Ƙasar Kurfai, wadda ke nesa da da'irar azuzuwan farko, ta ci gaba da dogaro da alli da ardwaz a yawancin makarantunta a tsawon wannan zamani.

A shekarar da aka fara Télé-Niger ne Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa a yau, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya kafa hujja cewa karatun da ba a fara shi da harshen yaro ba gini ne a kan rairayi. Talabijin na makaranta da Faransanci zalla ya yi aiki, amma a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci, daga baya aka ƙara wasu da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, dokar tsarin ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan gida a matsayin harsunan koyarwa. Makarantun sun daɗe da sunan gwaji ba su game ƙasa ba. Abin da ya game ƙasa shi ne faɗaɗa lakwal cikin gaggawa tun daga ƙarshen shekarun 1990, da malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi da gajeren horo, da azuzuwan zana da ake kafawa bayan an yi girbi an sami kara, su kuma rushe da saukar damina. Yara sun shiga makaranta da yawa fiye da kowane lokaci a tarihi, amma binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya iske cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu a ajin ƙarshe na firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, kuma cikin shekaru goma ta kai kasuwannin karkara da babu wayar tangaraho ko wutar lantarki, ta haifar da sana'o'in sayar da kati da cajin waya da janareto ko faifan rana. Gwaji mafi inganci da aka yi a kan amfaninta wajen koyarwa a ƙasar shi ne shirin ABC na 2009 da 2010, wanda ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar tare da masu bincike ƙarƙashin Jenny Aker ta jami'ar Tufts, a ƙauyuka fiye da ɗari na jihohin Dosso da Damagaram. Dukan ƙauyukan sun sami ajin yaƙi da jahilci na manya cikin Hausa ko Zabarmanci, amma a rabinsu an ƙara da koya wa ɗalibai sarrafa ƙaramar waya mai madannai, ana ba kowane rukuni na mutum biyar waya guda. Waɗanda suka sami wayar sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan an rufe aji, saboda dalili mai sauƙin ganewa: wanda ya koyi haruffa ya kuma iya tura saƙo ga ɗansa da ke ci-rani a Kwatano ko Legas, ko ya tambayi farashin wake a wata kasuwa, ya sami wanda zai amsa masa, karatunsa kuma ya sami aikin yi kullum. Wani gwajin da ya biyo baya a jihohin Maraɗi da Damagaram ya nuna cewa kiran waya kawai na mako-mako ga malami da mai gari da wasu ɗalibai, a tambaye su ko an yi karatu, ya ɗaga sakamakon ɗalibai. Babu intanet a cikin waɗannan gwaje-gwaje biyu, kuma darajarsu ta fi ta shirye-shirye da yawa masu tsada da suka zo da allunan gilashi.

Allunan gilashin, wato ƙananan kwamfutocin hannu da ake shafawa da yatsa, sun fara shiga wasu makarantun Nijar a shekarun 2010 ta hannun gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji, galibi a cikin akwati guda tare da wata 'yar na'ura mai adana littattafai da darussa wadda ke rarraba su ga allunan ba tare da an haɗa da intanet ba. A 2017 gwamnati ta kafa hukumar ANSI domin tafiyar da shirin Niger 2.0, wanda ya ƙunshi haɗa dubban ƙauyuka da intanet, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin wannan aiki. A wannan shekarar ce annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar daga 20 ga Maris zuwa farkon Yuni, kuma yayin da makarantun ƙasashe masu arziki suka koma kan Zoom da Google Classroom, abin da ya yiwu a Nijar, inda wutar lantarki ke kai wa kusan mutum ɗaya cikin biyar, mafi yawansu a birane, shi ne rediyo da talabijin da saƙonnin WhatsApp ga 'yan ajin jarrabawa da iyayensu ke da babbar waya. Ga ƙasar Kurfai da maƙwabtanta na arewa, irin su Abala da aka yanke daga gundumar Filinge a 2011, rufewar da ta fi ta korona tsawo da ciwo ita ce ta rashin tsaro, domin hare-haren masu ɗauke da makamai sun sa an rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, malamai sun janye zuwa manyan garuruwa, hana hawa babur da aka yi a sassa da dama na jihar tun farkon 2020 kuma ya yanke hanyar da masu duba malamai ke bi su kai ƙauye. A irin wannan hali karatu daga nesa ya daina zama ado, ya zama tambaya ta ko yaro zai yi karatu ko ba zai yi ba sam.

Kayan intanet da ya fi samun gindin zama a tsakanin malamai shi ne wanda ba a ƙera shi domin makaranta ba, wato WhatsApp, kuma dalilin haka yana da amfani ga mai son fahimtar abin da zai yi aiki. Manhajar tana tafiya a kan waya mai araha, tana haƙuri da raunin rezo, wato siginar waya, ta riƙe saƙo har a sami hanya, tana kuma ɗaukar murya, wadda ita ce babbar hanyar sadarwa a tsakanin jama'ar da yawancinsu ba su karatun boko. Malamai suna musayar takardun shirya darasi da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da sanarwar hukuma ta cikinta, masu karatun addini kuma suna tura tilawarsu ga malami a wani gari ya saurara ya mayar da gyara, wanda shi ne tsohon tsarin kawo karatu a gaban malam, sai dai tazara ta shiga tsakani. Manhajojin da aka ƙera musamman domin aji kuwa, yawancinsu suna zato ne cewa kowane yaro yana da na'urarsa, ajin yana da wuta da rufi da ƙofa mai kulle, kuma yaron yana jin Faransanci ko Ingilishi. Ko rubuta Hausa a cikinsu yana da nasa cikas, domin haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a rubutun Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y, ba su cikin madannan da wayoyi ke zuwa da su sai an saka na musamman, kuma manhajar da ba ta bambanta ƙafa da kafa ba, ko ɓata da bata, ba za a damƙa mata gyaran rubutun yaro ba.

Idan aka jera waɗannan kaya, za a ga cewa allon itace da ardwaz sun zauna ne domin suna da arha, ana samun su a kasuwar gari, kuma suna ajiye amsar yaro a gaban idon malami, talabijin kuwa ya yi tasiri muddin akwai mutanen da ke saurare a madadinsa, ya kuma tsaya da kuɗin waje da wannan saurare suka ja baya. Manhajar intanet ta fi talabijin da abu guda mai girma, shi ne tana iya karɓar amsa ta auna ta, amma ba ta san dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa aji ranar kasuwa ba, ba ta kuma iya zuwa gidan mai gari ta nemi a gyara zanar aji, saboda haka duk shirin da ya sayi na'ura ya bar malamin kwantaragi ba horo ba albashi a kan kari, ya maimaita kuskuren da aka riga aka biya kuɗinsa a shekarun 1970. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wanda ke nufin cewa harshen da yaron ƙauyukan Kurfai irin su Shikal da Luma da Tukunus ke magana da shi a gida yanzu yana da matsayi a doka da bai taɓa samu ba. Abin da ya rage ga hukumomin ilimi da masu ba da tallafi shi ne kada su karɓi wata manhaja domin makarantun wannan yanki sai wadda ke tambayar yaro da Hausa a shekarunsa na farko, take aiki ko babu rezo, ake iya cajinta da rana, kuma aka horar da malamin ajin a kanta kafin a sauke akwatinta a Filinge.